Ma'aunin Amfani Tsakanin Zumunci da Aikin Hukuma: Misalin Rabon Takin Zamani a Ƙauyukan Arewacin Kano

Gabatarwa

Duk ma'aikacin da aka haifa a karkara ya san ranar da ɗan'uwa zai yi masa sallama da wata buƙata wadda ba ta biyuwa sai da kayan hukuma. In ya biya, ya ci amanar aiki. In ya ƙi, an ce ya yanke zumunci. Abin da wannan takarda ta ƙudura shi ne ta ɗauki wani ra'ayi na masana falsafar ɗa'a, wanda za mu kira ma'aunin amfani, ta gwada shi a kan irin wannan tsaka mai wuya. Na zaɓi rabon takin zamani a ƙauyukan arewacin Kano, domin a nan ne ake iya ganin riba da hasara da ido, a ƙirga su da dami.

Ƙasar da ake magana a kanta

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Dawakin Tofa zuwa Bichi, ko ya ratsa Ungogo da Minjibir, da wuya ya ga daji. Gona ce ke bin gona, gida na kallon gida. Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki mai cunkoson jama'a tun daga shekarun 1960, Polly Hill kuma ta fitar da littafinta a kan karkarar Kano a 1977. Abin da irin waɗannan nazarce-nazarce suka tabbatar, manomi ya daɗe da saninsa: ba a barin gona ta huta, kowace shekara sai an shuka ta, kuma gado yana ƙara yayyanka ta daga uba zuwa 'ya'ya. Saboda haka taki ne ran noma a nan. Tun kafin zuwan Turawa ake ɗauko toka da shara daga birni a mangala bisa jakuna, a haɗa da kashin awaki da tumaki na cikin gida.

Takin zamani ya bazu ne sosai bayan shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, da shirin bunƙasa noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980. A farkon shekarun 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar raya aikin gona da karkara, watau KNARDA, da taimakon Bankin Duniya, ta kuma kafa kamfanin KASCO domin sayar wa manoma kayan noma. Muhimmin abu ga zancenmu shi ne rangwame. Duk lokacin da gwamnati ta sayar da kamfa ko yuriya ƙasa da kuɗin kasuwa, masu so sun fi buhunan yawa, kuma wanda aka ba rabo ya zama mai bayarwa da hanawa.

Sa'an nan akwai gandu. A tsarin gandu, 'ya'ya da ƙanne suna noma gonar gida a ƙarƙashin mai gida, shi kuwa ya ciyar da su, ya yi musu aure, ya ba kowa gayauna. Gandu ya yi rauni a wurare da yawa, amma haƙƙin da ya haifar bai mutu ba. Galibin waɗanda muka yi karatun boko daga waɗannan ƙauyuka, wani ne ya riƙe fartanyarmu muna makaranta.

Mene ne ma'aunin amfani?

Jeremy Bentham, wani masani na Ingila, ya shimfiɗa wannan ra'ayi a littafinsa na 1789, John Stuart Mill kuma ya gyara shi a littafin da ya fito a 1863. A taƙaice, sun ce ana sanin kyawun aiki ko muninsa ne daga sakamakonsa: aikin da ya fi jawo jin daɗi, ya fi rage wahala, ga dukkan waɗanda abin ya shafa, shi ne daidai. Sharaɗin da ke ba mutane wuya shi ne, a wajen lissafi kowa mutum ɗaya ne. Yunwar ɗan wanka da yunwar ɗan wanda ba ka sani ba nauyinsu ɗaya.

William Godwin ya kai wannan magana ƙarshenta a 1793. Ya ƙaddara gobara ta tashi a gidan Fenelon, wani babban malamin Kirista na Faransa, kuma mutum ɗaya tak za ka iya fitarwa, ko malamin ko mai yi masa hidima. Godwin ya ce malamin za a ceta domin ya fi amfanar duniya, ko da mai hidimar nan mahaifiyarka ce. Na sha karanta wa ɗalibaina wannan misali, ban taɓa samun ajin da ya yarda ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ba dukkan masu wannan ra'ayi ne suka bi Godwin ba. Henry Sidgwick, a littafinsa na 1874, ya nuna cewa fifita dangi a al'amuran yau da kullum yana da amfani ga kowa, domin mutum ya fi sanin buƙatar na kusa da shi, ya fi kuma ƙwazo wajen biyanta. Ashe ke nan tambayar ba ita ce ko zumunci yana da amfani ba. Tambayar ita ce, da dukiyar wa za a yi shi?

Lissafin buhu biyar

Mu ƙaddara wani malamin gona da aka tura gundumarsu ta haihuwa. An ba shi buhu 100 ya raba, masu nema kuwa sun kai 300, aka ce kada kowa ya wuce buhu ɗaya. Da dare wansa, wanda ke riƙe da gandun gidansu, kuma wanda ya sayar da gyaɗa shekara da shekaru ya biya masa kuɗin makaranta, ya zo ya zauna a tabarma. Ya ce, "Malam, an ce kaya sun iso. Buhu biyar nake so, ka san bakunan da ke gidan nan." Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ai ka san ba nawa ba ne." Wan ya ce, "Lokacin da nake kai maka gari makaranta, na wa ne?"

To, bari mu auna. A gefe ɗaya akwai gidan wan, wanda zai ƙara dammunan gero da dawa, da kwanciyar hankalin ƙanen, da farin cikin mahaifiya. Waɗannan amfani ne na gaske, ba a share su. A ɗaya gefen akwai gidaje huɗu da za su rasa buhunsu. Kowane manomi ya san buhun farko a gonar da ta gaji ya fi na biyar aiki a gonar da ta riga ta sami taki. Haka nan dami goma ga wanda rumbunsa ke ƙarewa tun kafin damina ta yi nisa, ba ɗaya ba ne da dami goma ga wanda ke da ragowar bara. Na farkon, in abinci ya yanke masa a watan Yuli ko Agusta, sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin noman firi da maimai, amfaninsa ya ƙara lalacewa, wata shekara ya ba da gonar jingina. Rashin buhu ɗaya kan jawo jerin hasara irin wannan, alhali ƙarin buhu huɗu a gidan wan, ƙari ne kawai a kan abin da ke akwai.

Wannan lissafin farko ne. Na biyu ya fi shi nauyi, kuma cunkoson ƙasar ne ya sa. A wurin da gona ke manne da gona babu sirri. Ganyen dawar da ta sha yuriya yana bayyana kansa daga bakin hanya, kuma kafin kasuwa ta ci sau biyu kowa ya san daga inda takin ya fito. Daga ranar nan maganar malamin gona ta rage daraja. In ya zo da sabon iri mai saurin nuna, ko shawarar feshin wake, sai a ce wa ya sani ko na kirkin ya kai gidansu. Bugu da ƙari, ya buɗe ƙofa. Kawu zai zo, suruki zai zo, mai unguwa ma zai aiko, kuma babu hujjar da ta rage masa ta hana su. Malamin gonar gundumar da ke maƙwabtaka da su kuwa, nasa dangin za su ce masa, ga wane can yana yi wa 'yan'uwansa. Mill ya lura cewa ba a zama a yi sabon lissafi a kan kowane aiki. 'Yan Adam sun daɗe suna gwaji, ƙa'idojin da suka gada kamar riƙon amana sakamakon wannan gwaji ne. Abin da ya kamata a auna shi ne ɗabi'ar kanta: ina ƙasar za ta kwana in kowane mai rabo ya fara da gidansu?

A nan ma'aunin amfani ya haɗu da abin da muka riga muka sani ta wata hanya. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1979, da na 1999, sun hana ma'aikacin gwamnati sa kansa inda son ransa zai yi karo da aikinsa. A tarihin Musulunci kuma sananne ne yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi karɓar ceton da Usama ɗan Zaidu ya kawo wa matar nan ta Banu Makhzum, ya nuna ko 'yarsa Faɗima ce hukunci ba zai canza ba. Malaman Malikiyya irin su Shaɗibi sun yi dogon bayani a kan maslaha. Sai dai a yi hattara, kada a ce maslaha da ma'aunin Bentham abu ɗaya ne. Maslaha tana tafiya ne a cikin iyakar nassi, Bentham kuwa bai yarda da wata iyaka ba sai sakamako.

Wanda ake mantawa da shi a lissafi

Masu wa'azin gaskiya a ofis sukan tsaya a nan, su ce magana ta ƙare. Ni a ganina ba ta ƙare ba, domin malamin gonar ma mutum ne, kuma ma'aunin da ya ce a ƙirga kowa bai ce a cire shi ba. Peter Ekeh na Jami'ar Ibadan ya nuna a 1975 cewa mulkin mallaka ya bar mu da jama'a iri biyu: ta dangi da gari, wadda muke jin haƙƙinta a zuciya, da ta gwamnati, wadda muke ɗauka wurin samu ce kawai. Wannan ba wauta ba ce. A farin 1973 da na 1984, da yawa daga waɗanda suka tsira a karkara, 'yan'uwa ne suka riƙe su. Ma'aikacin da ya tsufa yana jiran kuɗin fanshonsa watanni, gidan wansa zai aika a auno masa hatsi. In muka ce ya ɓata da mutanen da za su yi jinyarsa, su kai shi makwanci, domin hukumar da ba ta san ranar sunan ɗansa ba, to mun ɗora wa mutum ɗaya kuɗin gyaran da na kowa ne. Ni kaina wani baffana ya yi shekara ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska, saboda na ƙi taɓa makin ɗansa a wata jarrabawa. Ban yi nadama ba, amma ba zan ce abin bai yi ciwo ba.

Saboda haka wanda ya ɗauki ma'aunin amfani da gaske, abu biyu zai nema. Na farko, a raba abin da ke na ma'aikaci da abin da aka ba shi riƙo. Albashinsa, da iliminsa, da lokacinsa bayan an tashi aiki, nasa ne, kuma a nan hujjar Sidgwick ta ba wan gaskiya ƙwarai. Bashin karatu bashi ne na gaske. Ƙanen da ya hana buhun hukuma, sa'an nan ya ƙi cire kuɗi daga aljihunsa ya sayo wa gandu ko buhu ɗaya a kasuwar Bichi, rowa ya yi, ya fake da doka.

Na biyu, a sauƙaƙa wa ma'aikaci faɗin a'a. In ana karanta sunayen masu rabo a bainar jama'a a ƙofar dagaci, kuma mutum uku ne ke sa hannu, to ƙanen zai iya ce wa wansa, "Yaya, ko na so ba hali," ba tare da ƙarya ba, wan kuma ya koma gida da mutuncinsa. Shirin da gwamnatin tarayya ta fara a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, ya gwada wannan ta wata fuska: manomin da ya yi rajista yakan sami saƙo a wayarsa, ya je ya karɓi buhu 2 masu kilo 50 a rabin kuɗi. Shirin bai ɗore ba, kuma manomin da ba shi da waya ko bai iya karatu ba ya sha wahala da shi, amma ya rage yawan abin da ke hannun mai rabo guda.

Akwai masu cewa a daina tura ma'aikaci garinsu, a huta. Wannan ma sai an auna. Ɗan gari ya san wace gona ce jigawa, wace ce fadama, ya san gidan da mai shi ya rasu ya bar marayu, kuma ana buɗe masa zauren da ba a buɗe wa baƙo. Baƙon ma ba ya daɗewa bai yi aboki ko suruki ba.

Saura matsala ɗaya wadda ɗalibai kan kawo mini. Idan wan nan shi ne ya fi kowa talauci a unguwar fa? Ma'aikaci mai tsoron bakin mutane yakan tsallake sunan ɗan'uwansa don a ce shi adali ne. Ma'aunin amfani bai yarda da wannan ba, domin wan ma mutum ɗaya ne a lissafi, bai fi ɗaya ba, bai kuma gaza ba. Abin da ya dace shi ne ƙanen ya gaya wa abokan rabonsa cewa wane ɗan'uwansa ne, ya tashi daga tabarmar, su duba gonar da rumbun kamar yadda suka duba na kowa. In sun ga ya cancanta, wani daga cikinsu ne zai rubuta sunansa, ya kuma miƙa masa buhunsa ɗaya ranar da ake miƙa wa sauran.