COMIC-CON: Inda 'yan kallo ke kwana a titi saboda tirelar minti uku

Duk wanda ya bi ta bayan babban zauren taro na birnin San Diyego a daren Juma'a, cikin watan Yuli, zai iya zaton wata annoba ce ta koro mutane daga gidajensu. Ga su nan birjik a bakin teku, wasu a kan bargo, wasu a kujerar naɗewa, wasu sun yi matashi da jaka. Wani ya yi shigar Batman yana cin biredi, wata ta cire hular gashi ta rataye. Ba gudun hijira suke yi ba. Layi suke bi, kuma ƙofar da suke jira ba za a buɗe ta ba sai gari ya waye.

Wannan shi ne Comic-Con, taron masoya littattafan labari cikin zane, irin su Superman da Spider-Man, da finafinai da wasannin talbijin. Ana yin sa shekara-shekara a jihar Kalifoniya ta Amurka, dab da iyakar Meziko, daga Alhamis zuwa Lahadi, tare da ɗan share fage a daren Laraba. Mutum sama da 130,000 ke halarta.

Samun katin shiga ma kansa aiki ne. Ta intanet ake sayarwa, watanni kafin taron, kuma ba wanda ya riga zuwa ne ke samu ba: kwamfuta ce ke yi wa masu jira canki-canki. Kafin ka ce kwabo katin ya ƙare. Wanda ya dace kuma sai ya shiga neman ɗakin kwana, a garin da otal-otal ke tsawwala kuɗi a wannan makon.

To amma katin ba ya ba mutum kujera a ɗakin da kowa ke hanƙoro, wato zauren da ake kira Hall H. Nan ne manyan kamfanonin Holiwud ke kawo taurarinsu, su nuna tirelar finafinan da ba su fito ba. Kujerun ciki kimanin 6,500 ne kacal. Babbar matsalar ita ce ba a fitar da mutane idan an gama wani shiri za a shiga wani. Wanda ya samu kujera da safe, tasa ce har dare. Don haka mai son ganin jaruman kamfanin Marvel da yammacin Asabar, dole ya shiga tun da safe, ya zauna ya kalli duk abin da aka kawo, ko yana so ko ba ya so. Shi ke nan fa, sai kwanan titi.

Abin ya taɓa kaiwa ga zub da jini. A 2010 gardama ta kaure tsakanin wasu mutum biyu a kan wurin zama, ɗaya ya soki ɗaya da biro a kusa da ido. 'Yan sanda suka fita da shi da ankwa, aka ɗan tsaya, sannan aka ci gaba da shiri kamar ba a yi ba. A wannan yammacin ne aka jera jaruman The Avengers a kan dandamali karo na farko. A 2012 kuwa rai aka rasa: wata mata mai shekara 53, masoyiyar finafinan Twilight, mota ta kaɗe ta tana tsallaka titi don ta koma layi, kwana biyu kafin ranar da taurarin za su bayyana. Daga 2014 masu shirya taron suka fara raba wani abin ɗaurawa a wuyan hannu tun da dare, don mutum ya san matsayinsa, ya je ya ɗan runtsa. Duk da haka ba a daina kwana ba.

Me ake samu a ciki da ya kai wannan wahala? A gaskiya kamfanonin sun iya tallar hajarsu. A 2013 fitilu suka ɗauke ana tsakiyar shiri, sai ga jarumi Tom Hiddleston ya fito cikin cikakkiyar shigar Loki, mugun nan na finafinan Thor, yana ba jama'a umarni su kira sunansa. Zauren kamar zai tsage. A shekarar dai Bryan Cranston na shirin Breaking Bad ya sa fuskar roba mai kama da tasa ya yi ta yawo cikin cunkoso, mutane na yaba masa wai ya iya kwaikwayo, sai da ya hau dandamali ya cire ta. A 2015 darakta J.J. Abrams, bayan ya gama gabatar da sabon Star Wars, sai ya ce kowa ya tashi ya biyo shi. Haka aka kwashe zauren kaf zuwa wani fili a bakin ruwa, aka raba wa kowa takobin haske, makaɗa suka yi ta kaɗa sautin fim ɗin, aka rufe da wasan wuta. Wanda ya sha kunya shi ne darakta Kevin Smith, wanda shirinsa ke biye: ya fito ya tarar da kujeru kusan wayam.

Masu son finafinan Indiya ma an taɓa yi da su. A Yulin 2023 Prabhas da Kamal Haasan suka hau wannan dandamali tare da darakta Nag Ashwin, Amitabh Bachchan kuma ya yi magana ta bidiyo daga gida. A nan ne aka bayyana cewa fim ɗin da ake ta kira Project K sunansa Kalki 2898 AD. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya samu wannan fili. Shekara ɗaya kafin nan, da aka saki tirelar Black Panther: Wakanda Forever, muryar da ta buɗe ta ta mawaƙiyar Nijeriya ce, Tems, kuma da yawa sun share hawaye saboda tuna Chadwick Boseman, jarumin fim na farko, wanda ya rasu a 2020.

Sai dai ihun zauren ba ya nufin fim zai ci kasuwa, kuma furodusoshi sun koyi wannan darasi da kuɗinsu. Wani lokaci a dace: a 2007 Jon Favreau ya nuna wani yanki na Iron Man, a lokacin da ake ɗari-ɗari da Robert Downey Jr. saboda tarihinsa na shaye-shaye. Jama'a suka yi ta sowa, fim ya fito a 2008 ya tara kusan dala miliyan 585. Wani lokaci kuma ta leƙo ta koma. A 2010 babu fim ɗin da aka zuzuta kamar Scott Pilgrim vs. the World. An lulluɓe gefen wani katafaren otal da fostarsa, an nuna shi kyauta, kowa ya fito yana santi. Da ya shiga sinima a watan Agusta, na biyar ya zo a makon farko, ko uwar kuɗi bai mayar ba. Ashe waɗanda suka yi ihun su ne kusan iyakar masu son sa a lokacin. Akwai ma wanda ko fitowa bai yi ba: a 2019 aka kira Mahershala Ali kan dandamali, ya ɗora hula mai tambarin Blade, aka yi ta tafi. A 2024 kamfanin ya zare fim ɗin daga jadawalinsa.

Ina masu zanen?

A nan ne tsofaffin 'yan taron ke da ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Ba don taurarin fim aka kafa Comic-Con ba. A 1970 wani mai son littattafan zane, Shel Dorf, da wasu samari suka kama wuri a ƙasan otal ɗin U.S. Grant, mutum kimanin 300 suka zo. Babban baƙonsu shi ne Jack Kirby, mai zanen da hannunsa ya fitar da Captain America, kuma tare da Stan Lee suka ƙirƙiro Hulk da Thor da X-Men da Black Panther. Kirby ya rasu a 1994, bai ga ko ɗaya daga cikin biliyoyin da zanensa ya jawo a sinima ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 2014 iyalansa suka sasanta da Marvel, bayan shari'ar da ta kusa shiga kotun ƙoli.

Har yanzu masu zane na zuwa. Akwai sashen da aka ware masu a can gefen babban filin baje koli, kowa da ɗan teburinsa, inda mutum zai tsaya ya yi hira da mai zane ido da ido, ya biya a zana masa abin da yake so nan take, ba tare da ya kwana a titi ba. A daren Juma'a kuma ake raba kyautar Eisner, wadda ita ce mafi daraja a harkar. Amma kyamarorin 'yan jarida ba can suke fuskanta ba. Chuck Rozanski, mai shagon Mile High Comics na birnin Denba, ya shekara 44 yana kasa littattafai a taron. A 2017 ya ce ya haƙura. Teburin da ya kama a kan dala 40 a 1973, wurin da yake haya ya kai dala 18,000, alhali masu wucewa ta gabansa ba littafi ya kawo su ba.

Abin mamaki, sai da taurari suka ƙaurace sannan aka tuna da su. A 2023 'yan wasan Holiwud suka shiga yajin aiki kwanaki kaɗan kafin taron, marubuta kuma dama suna ciki tun watan Mayu. Manyan kamfanoni suka janye, layin Hall H ya yi sauƙi, jama'a suka kwarara filin baje koli, wajen masu littattafai da masu zane.

A 2025 Marvel ba ta kawo finafinanta zauren ba. Wanda ya cika shi ranar Lahadi, ranar da aka saba ganin an fara watsewa, shi ne George Lucas, mahaliccin labarin Star Wars, yana da shekara 81, kuma wannan ne karo na farko da ya taɓa hawa dandamalin Comic-Con. Bai zo da tirelar fim ba. Gidan tarihin da yake ginawa a lokacin a Los Anjeles ya zo gabatarwa, wanda aka tanada don zane-zanen da ya shafe shekaru yana saye yana tarawa, har da zanen farko na Flash Gordon na 1934.