'Yan Matan Ashana Na Birnin Landan

'Yar'uwa, yau da safe da kika ƙyasta ashana za ki hura wuta, ko kin taɓa tunanin hannun da ya yi ta? Gyara zama ki ji labarin waɗansu 'yan mata na ƙasar Ingila.

A shekarar 1888 akwai kamfanin ashana na Bryant and May a unguwar Bow, gabashin Landan. Yawancin ma'aikatansa mata ne, da dama kuwa ba su wuce sa'o'inku ba, ku 'yan makaranta. Tsaye suke wuni suna aiki. Wata ladanta sule 4 ne kacal a mako, cikinsa kuma ake yanke tara. In aka ga ƙafarki da dauɗa, ko ƙarƙashin teburinki da shara, taro ya tafi.

Tarar ma da sauƙi. Kan ashanar zamanin da farin fosforas ake yinsa, wani sinadari mai dafi. A gindin aikin suke cin abinci, dafin na bin hannu zuwa baki. Ciwon kan fara kamar ciwon haƙori, sai dasashi ya kumbura, ƙashin muƙamuƙi ya ruɓe yana zubar da mugunya. Ki dubi wannan, yarinya da kuruciyarta!

A watan Yuni wata marubuciya, Annie Besant, ta tona asirin kamfanin a jarida. Masu kamfani suka nemi ma'aikata su sa hannu a takarda cewa ƙarya ce. Suka ƙi. Da aka kori ɗayarsu a farkon Yuli, sai mata wajen 1,400 suka ajiye aiki suka fito. Ba su da ƙungiya, ba su da asusu, sai gudummawar jama'a. An daɗe ana cewa Besant ce ta shirya yajin, amma gaskiya 'yan matan da kansu suka fara, daga baya suka je neman taimakonta.

Bayan kamar mako 2 kamfani ya sauko. Aka soke tara, aka mai da wadda aka kora, aka yarda a ware musu ɗakin cin abinci. Nan take suka kafa ƙungiyarsu ta mata masu yin ashana.

Dafin dai bai tafi da wuri ba. Sai 1901 kamfanin ya daina aiki da shi, dokar hana shi a ƙasar kuwa sai 1910 ta fara aiki, shekara 22 bayan yajin.