Tallan Aiki A Intanet: Wa Zai Tsaya Wa Matasan Kura Da Bunkure?

Duk wanda ya taɓa kwana a Kura ko Bunkure lokacin dashen shinkafa ya san yadda ake ɗaukar ɗan ƙwadago. Da sanyin safiya mai gona zai fito, a yi ciniki baki da baki, kafin magariba kowa ya karɓi haƙƙin guminsa. Babu takarda, amma an san mai gonar, an san gidansu. Idan ya danne kuɗin wani, maganar ba za ta wuce zauren mai unguwa ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwanta ya soma ratsa gonakin Kadawa, a kan wannan sanayya ake cin abinci.

To, amma 'ya'yan manoman nan da aka sayar da shinkafa da tumatir aka kai su jami'a, su a wayar hannu suke neman aiki, inda ba wanda ya san gidan wani. Yankin kuwa yana da sunayen da za su sa matashi ya saki jiki: ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ga masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, ga injinan casar shinkafa. Ɗan damfara ba ya wahalar ƙirƙiro suna. Wanda kowa ya sani zai ara, ya liƙa tambari, ya ce ana neman malamin gona ko akawu, sannan a ƙasa ya nemi kuɗin fom. Wani tallan ma ba ƙarya ba ne, tsoho ne kawai: an rufe ɗaukar tuntuni, amma shafukan da ke cin riba da yawan masu leƙe suna ta sake buga shi.

Kamfanin Google ya yi wani yunƙuri. Ya ƙaddamar da sashen neman aiki a Amurka a 2017, kuma daga watan Oktoba na 2021 ya tsaurara ƙa'idojin tallan da zai nuna. Cikin dokokinsa akwai hana tallan da ke neman kuɗi daga mai neman aiki, da tilasta cire wanda wa'adinsa ya wuce. Madalla. Sai dai a ganina, galibin tallan da ke isa ƙauyukanmu ta WhatsApp da Facebook yake zuwa, daga hannun ɗan uwa mai kyakkyawar niyya, kuma can dokar Google ba ta kai ba.

Laifin ma akwai namu a ciki. Mai karatu zai tuna ranar 15 ga Maris, 2014, lokacin da dubban ɗaruruwan matasa da suka biya Naira 1,000 kowannensu suka yi dafifi a filayen wasa don jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice, fiye da mutum goma suka rasu a turmutsitsi. Idan aikin gwamnati ya taɓa zuwa da kuɗin fom, da wane baki za mu ce wa yaro neman kuɗi alamar damfara ce?

Don haka nauyin yana wuyan masu ɗaukar aiki, wato da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi. Duk hukumar da za ta ɗauki ma'aikata ta buga sanarwa a shafinta mai ƙarewa da gov.ng, da ranar rufewa, da adireshin ofishin da mutum zai iya takawa ya tambaya, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba a biyan ko sisi. A liƙa kwafinta a sakatariyar ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, a karanta ta da Hausa a rediyo, domin uban da zai sayar da buhu ya biya kuɗin fom shi ma ya ji da kunnensa.