Tawa zuwa Arlit: hanyar da yuraniyom ya shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani arewa ya san RN25. Daga Tawa ta ratsa Tabalak mai tafki, ta bi Abalak da Agadas, ta nausa hamada har Arlit, tsawon sama da kilomita 600.

A ƙarshen shekarun 1970 aka zuba mata kwalta, lokacin da yuraniyom ke tashe, domin manyan motoci su kai ma'adinin tashar jiragen ruwan Kotonu. Mahaƙar Cominak ta rufe a 2021, amma ƴan kasuwa, marasa lafiya da masu zuwa Aljeriya har yanzu ita suke bi. A wurare da dama kwaltar ta ɓare, dole direbobi su ratse cikin rairayi. Tafiyar yini ta koma ta kwana.