Wa Zai Biya Kuɗin Magani?

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa raka mara lafiya asibiti, ka san yadda abin yake: kuɗin kati daban, na gwaji daban, na magani daban. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyata da iyalansu yake fitowa. Shi ya sa ciwo ɗaya kan sa magidanci ya sayar da gonarsa.

Don magance wannan ne aka kawo inshorar lafiya. Tsarin ya yi kama da adashi: jama'a suna zubi tun suna da lafiya, sai dai a nan wanda ciwo ya kama ne kaɗai yake ɗauka. An fara shirin a shekarar 2005, amma yawancin waɗanda suka amfana ma'aikatan gwamnatin tarayya ne. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar a kan kowa.

To, wa zai biya? A nan gardamar take. Mai albashi ba shi da wuya, domin daga albashinsa ake cirewa. Amma manomi fa, da ɗan acaɓa, da mai tuyar ƙosai? Ba su da albashi, kuma su ne suka fi yawa.

Wasu suna cewa nauyin na gwamnati ne. Suna tunatar da mu cewa a 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa can ba. Wasu kuma suna cewa a yi koyi da Gana, wadda ta kafa nata shirin a 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin ɗari kan kayayyaki don cika asusun. Masu suka sai su ce irin wannan haraji talaka ya fi ji a jikinsa, tunda shi ma kasuwa yake zuwa. Suna da gaskiya, ko da yake ni a ganina biyan kaɗan-kaɗan ya fi sayar da gona sauƙi.

Akwai kuma batun amana. Mai tuyar ƙosai da ta yi zubi na shekara, ta je asibiti aka ce babu magani, ta saya a waje, da wuya ta sake zubawa baɗi.