Kafin a turo kayan haɗa kwamfuta daga waje, a fara sanin uwar allo



Yau za mu tsaya kan wata matsala da ke cinye kuɗin mutane a banza. Matashi ya gama lakwal, yana son buɗe ɗan shagon buga takardu da gyaran hotunan biki a garinsu. Yayansa da ke Faransa ko Amurka ya ce zai taimaka. Da yake kwamfutar tebur tana da nauyi, sai ya sayi kayan cikinta ɗaya-ɗaya ya ba mai zuwa gida. Kaya su iso, a kai wa mai gyara a Maraɗi ko Damagaram, ya jujjuya su ya ce: wannan ba ya shiga cikin wancan. Kuɗi sun tafi, mayar da kaya kuma babu hali.

Maganin abin shi ne a fara da uwar allo, wadda masu gyara a nan suke kira kart-mer. Ita ce babban faifan nan da ke kwance cikin akwatin kwamfuta, wanda kowane kaya ke zuwa ya zauna a kansa. Ita ke faɗin wanda zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Sunanta da lambarta suna rubuce a jikinta: sunan kamfani kamar ASUS, MSI, Gigabyte ko ASRock, sai lamba irin su H610, B450 ko B650. Wanda ya riƙe wannan lamba ya riƙe makullin sauran sayayyar.

Ƙwaƙwalwa da gurbinta

Abu na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan kasuwa, Intel da AMD, kuma ƙwaƙwalwar ɗaya ba ta zama a gurbin ɗaya. Ko a cikin gida guda ma gurbin yana canzawa daga zamani zuwa zamani.

A ɓangaren Intel, gurbin LGA 1200 na ɗaukar tsara ta 10 da ta 11, shi kuwa LGA 1700 da ya fito a 2021 na ɗaukar tsara ta 12, ta 13 da ta 14. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa, don sai ka ji an ce “ai duka Core i5 ne”. To, ba a nan take ba. Core i5-10400 ƴar tsara ta 10 ce, Core i5-12400 kuma ta 12 ce; sunan ɗaya, amma gurbin daban. Lambobin farko da ke bin sunan su ke nuna tsarar.

A ɓangaren AMD, akwai gurbin AM4 wanda ya fito tun 2016, da AM5 na 2022. Ryzen 5 5600 ta AM4 ce, Ryzen 5 7600 ta AM5 ce. Wani lokaci kuma gurbin ya dace, amma uwar allon ta girmi ƙwaƙwalwar, sai an sabunta mata manhajar cikinta da ake kira BIOS kafin ta gane ta. Shi ya sa kowane kamfani ke ajiye jerin ƙwaƙwalen da kowace uwar allo ke karɓa a shafinsa na intanet. Ɗan'uwa na waje, duba wannan jerin ba zai ci maka minti biyar ba.

A kula kuma da harafin ƙarshe. Ƙwaƙwalwar Intel mai F a ƙarshen lambarta, kamar i5-12400F, ba ta fitar da hoto da kanta, sai an saya mata katin hoto daban. A gurbin AM4 ma, yawancin Ryzen haka suke, sai masu G a ƙarshe irin 5600G. Mai shagon buga takardu da ya samu maras hoto zai kunna kwamfuta ya ga allon kallo baƙi ƙirin, alhali babu abin da ya lalace.

RAM ba duka ɗaya ba ne

Na biyu shi ne RAM, sandunan nan da masu gyara ke ce wa baret. Akwai DDR3, DDR4 da DDR5. Kowanne yana da ƴar tsaga a ƙasansa, kuma ba wuri ɗaya aka yi musu ita ba, don kada wani ya shiga ramin wani. In sanda ta ƙi shiga, kar a danna da ƙarfi. Ba taurin kai take yi ba, ba gidanta ba ne.

Uwar allo ta AM4 DDR4 take ci, ta AM5 kuwa DDR5 kawai. Ta LGA 1700 ita ce mai ruɗarwa, don an yi wasu na DDR4, wasu na DDR5, sai an karanta abin da aka rubuta a kwalin. Sannan RAM na kwamfutar hannu gajere ne, ba ya shiga ta tebur. Don aikin takardu da intanet, giga 8 na iya ɗauka. Mai gyaran hoto da bidiyo gara ya nemi 16. Sanduna biyu iri ɗaya sun fi guda ɗaya sauri, in an sa su a ramukan da littafin uwar allon ya nuna.

Ma'ajiya da akwati

Wurin ajiyar bayanai ba shi da wahala sosai. Diski na da, da SSD mai kama da ƙaramin kwali, duka da igiyar SATA suke aiki. Amma SSD siriri da ake kira M.2 sai uwar allo tana da raminsa, kuma shi ma iri biyu ne, NVMe da SATA. Ba kowane rami ke karɓar duka biyun ba.

Akwati kuma ya danganta da girman uwar allo. ATX ita ce babba, kusan santimita 30 da rabi a tsayi. Micro-ATX ta tsakiya. Mini-ITX kuwa santimita 17 ce kowane gefe. Ƙaramar uwar allo na zama a babban akwati, babba ba ta shiga ƙarami. Tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake samu a kasuwanninmu sau da yawa suna da nasu tsarin akwati da na igiyoyin wuta, don haka kar a ɗauka za a cire cikinsu a zuba sabon kaya kai tsaye.

Wuta, zafi da ƙura

Nan ne ya fi shafar mu. Wutar gidajenmu a Nijar bolt 220 ce, ta Amurka da Kanada kuwa 120. Akwatin wutar kwamfuta na zamani mafi yawansu suna karɓar duka biyun, za a ga an rubuta 100–240V a jikinsu. Amma akwai masu ɗan jan maɓalli a baya, mai 115 da 230. In an bar shi a 115 aka jona a nan, nan take zai ƙone, wata sa'a ya tafi da uwar allon. A duba kafin a jona.

Akwatin wutar ya kasance yana da babbar igiya mai baki 24 ta uwar allo, da mai baki 4 ko 8 ta ƙwaƙwalwa. Kwamfutar ofis maras katin hoto, wat 300 zuwa 400 sun ishe ta. Kar a yi ƙwauron kuɗi a nan, don in ya lalace ba shi kaɗai yake tafiya ba. Kuma tunda wuta na zuwa tana ɗaukewa, ondilar mai batir a ciki na cikin lissafin tun farko.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Fankar ƙwaƙwalwa ma tana da gurbin da aka yi ta dominsa, ta LGA 1200 ba ta ɗaurewa a LGA 1700 sai da ƙarfen da ya dace. A sa man nan mai toka-toka tsakanin ƙwaƙwalwa da fanka, a ɗora akwatin a kan tebur maimakon ƙasa, a riƙa hure ƙurar lokaci-lokaci.

Kafin a biya kuɗi

Shawararmu ga na gida: ku ɗauki hoton lambar uwar allo da waya ku tura ta WhatsApp, kar ku tsaya ga faɗa da baki. Ga na waje kuma: in da hali, ku sayi uwar allo, ƙwaƙwalwa da RAM a wuri ɗaya, mai shagon ya tabbatar muku sun dace, ko ya haɗa ya kunna a gabanku. Ku bar su cikin kwalayensu, don ƴan allurai na gurbin ƙwaƙwalwa ba su da wuyar lanƙwashewa a hanya. Akwati da allon kallo kuwa ana samun su a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, ba sai an yi dakonsu ba.

Wanda ke da tambaya kan kayan da ke hannunsa, ya aiko mana da lambobinsu, za mu duba tare a shiri na gaba. Allah ya sa albarka a neman kowa.