Igiyar da Ke Ɗaure Ƙwayar Halitta

Mai darni ya san kara ba ya tsayuwa da kansa. A kafa dirkoki, a jera kara, a gitta tanka, amma in ba a bi da igiyar rama an ɗaure ba, guguwar farkon damina kaɗai ta isa ta kwantar da shi.

Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu ma akwai irin wannan gini, da zaruruwa iri uku: siririn aktin mai kaurin nanomita 7, matsakaici irin keratin na fata mai kamar 10, sai maikirotubul mai 25, wanda shi bututu ne. Littattafan makaranta su ukun nan suke ta yabo. A ganina an ci haƙƙin furotin masu ɗauri, domin su ke yanke abin da zaren zai zama.

Ga aktin, kara iri ɗaya. Idan fasin, ɗaya daga cikin masu ɗaurin, ya kama shi, da yake fasin ɗin gajere ne, sai ya matse zaruruwan kafaɗa da kafaɗa kamar dami, su yi taurin da ƙwayar za ta miƙa 'yan yatsu tana lalube. Filamin kuwa dogo ne mai gwiwa a tsakiya, a gicciye yake ɗaurewa, sai a sami raga mai lanƙwasa ba ta tsinke ba.

Babban gwani shi ne plektin, wanda Gerhard Wiche da abokin aikinsa suka gano a Ostiriya a 1980. Shi ba ruwansa da dangi. Kansa ɗaya na riƙe aktin, ɗayan na riƙe matsakaicin zare, kuma shi ke ɗaure keratin a gindin fatar sama don kada ta rabu da ta ƙasa. A 1996 aka gane abin da rashinsa ke jawowa: jariri ana ɗan gogar fatarsa sai ta yi bororo ta saɓule, daga baya tsoka ta soma rauni. Keratin ɗin yana nan lafiya lau, igiyar ce babu.

Inda darni ya gaza misali shi ne, shi sau ɗaya ake ɗaure shi sai wata shekara. Yawancin masu ɗaurin aktin kamawa suke su saki cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa farar ƙwayar jini ke iya sauya siffa, ta kutsa ta bangon jijiya ta bi ƙwayar cuta.